BABI NA UKU: TARIHIN CUTUTTUKAN YARA DA LALURORIN MASU JUNA BIYU A MAHUTA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka yi ta fama da cututtukan ƙananan yara da lalurorin masu juna biyu a garin Mahuta da ƙauyukan da ke kewaye da shi, tun daga zamanin da magani yake hannun tsofaffi da wanzamai, har zuwa shekarar 2024 da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Jihar Kebbi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, cututtukan da aka ci ƙarfinsu a wannan yanki su ne waɗanda ayarin ma'aikata zai zo da mota, ya yi allura ko ya ɗiga magani, sa'annan ya koma inda ya fito. Amma lalurar da take bukatar a sami ƙwararre a kusa, dare da rana, irin su naƙuda mai gardama da zazzaɓi da gudawa, ita ce ta gagara.

3.1 Mahuta da Nisanta da Hukuma

Mahuta ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru. Sauran su ne Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Koko ta bi ta Dabai ta shiga Zuru. A ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum 120,000 a ƙaramar hukumar, suna warwatse a ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, mafi yawansu manoma ne mazauna tungaye da ƙananan ƙauyuka. Akwai Fakkawa da dangoginsu, akwai Dakarkari da Dukkawa, akwai kuma Hausawa da Fulani. Ta fuskar addini akwai Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya. Hausa ita ce harshen kasuwa, don haka da sunayen Hausa uwa take yi wa malamin asibiti bayanin abin da ke damun ɗanta, ko da kuwa wani harshe take yi a gida.

A ƙarshen mulkin mallaka ƙasar Zuru tana ƙarƙashin Kontagora ne a Lardin Neja, wanda babban birninsa yake Minna. A 1967 ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, aka koma kallon Sakkwato. Da aka raba wannan jiha a 1976, sauran Lardin Neja ya zama Jihar Neja, ita kuwa Zuru aka bar ta a Jihar Sakkwato. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka mayar da ita ƙarƙashin Birnin Kebbi. Sai a 1996 ne Fakai ta sami ƙaramar hukumarta. Abin lura a nan shi ne, duk inda aka kai wannan ƙasa a gefe take zama, nesa da inda ake raba likitoci da magunguna da kuɗi.

Yanayin shekara ma yana da nasa hannu. Ƙasar Zuru ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga duwatsu da rafuka. Da damina ta yi nisa sauro yake yawaita, rumbu yake yin ƙasa, rafuka kuma su cika su yanke hanyar ƙauye da gari. Ke nan lokacin da yara suka fi kwanciya da zazzaɓi, shi ne lokacin da abinci ya fi ƙaranci, shi ne kuma lokacin da kai mara lafiya asibiti ya fi wuya. Ƙyanda da sanƙarau kuwa da rani da bazara suke shigowa.

3.2 Kafin Zuwan Asibiti

A al'adar Bahaushe, wadda ita ce ta ba cututtukan nan sunayen da aka fi sani, ba a ɗauki mutuwar jariri a matsayin abin mamaki ba, saboda yawanta. Shaidar haka tana cikin harshen kansa. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce da ita mai wabi, ɗan da ta haifa kuma ɗan wabi. Akan laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, wato a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko abin da ke ɗauke 'yan'uwansa ya ƙyale shi. A yau an san cewa ciwon sikila yana cikin abubuwan da ke jawo irin wannan mutuwa ta jere a ɗaki ɗaya, domin idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Zazzaɓi da tamowa da haihuwa kusa-kusa su ma suna jawo ta.

Ƙyanda ita ce uwa ta fi tsoro, har ba a cika kama sunanta ba, sai a ce baƙon dauro, saboda ƙurajenta sun yi kama da ƙwayar dauro, kuma baƙo lallashinsa ake yi har ya tafi. Babban abin da ake nema shi ne ƙurajen su fito waje sarai, domin an yi imani idan suka koma ciki yaro ba zai tashi ba. Saboda haka akan killace shi a ɗaki, a hana shi wasu abinci, a ɗura masa jiƙo. Killacewar ta yi daidai, domin cuta ce mai saurin yaɗuwa. Hana abincin ne ya yi ɓarna, domin abin da ke kashe mai ƙyanda galibi shi ne ciwon haƙarƙari da gudawa da ramar da ke biyo baya. Haka kuma ƙyanda tana cinye sinadarin bitamin A na jiki, idan aka haɗa da maganin gargajiyar da ake ɗigawa a ido, sai yaro ya warke amma ya rasa gani. Daga baya wannan imani na komawar ƙuraji ciki ya sa iyaye da yawa suka ƙi kai mai ƙyanda asibiti, don gudun kada allura ta danne su.

Gudawa kuwa haƙora ake ɗora wa laifinta. Idan yaro ya kai wata shida ya fara zawo da zafin jiki, sai a ce haƙori ne, a rataya masa laya, a jira. Gaskiyar magana ita ce, a daidai wannan lokaci ne yaro yake fara rarrafe, yana kai komai baki, ana fara ba shi koko da ruwan rijiya, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Idan ruwan jikinsa ya ƙare maɗigarsa ta faɗa, sai a ɗauki faɗawar a matsayin wani ciwo dabam, a shafa mata magani a ka, alhali ruwa ne jikin yake nema. Idan zazzaɓi ya yi tsanani yaro ya kama taune-taune, iska ake zargi, a nufi hayaƙi da rubutu. Akwai kuma ciwon da ke kama jariri dab da ranar suna, ya kasa kama nono, jikinsa ya sanƙare, wanda ake kira tsinkau-tsinkau. Ta cibiya ƙwayar cutar take shiga, ko dai daga abin da aka yanke ta da shi, ko daga abin da aka shafa mata. Ga kuma wanzami da yake cire belun wuya a makon farko, da zubar da dakashi da wasu gidaje suke yi bisa zaton nonon farko ba shi da kyau, alhali shi ne ya fi kowane nono kariya.

Ta ɓangaren masu juna biyu, kunya ita ce ginshiƙi. Mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, ba ta tambaya, kuma abin yabo ne a ce ta haihu ba wanda ya ji motsinta. Takan je goyon ciki gidan iyayenta idan ciki ya tsufa. Akan hana ta zaƙi, a ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci, bisa imanin cewa zaƙi yana tare hanyar haihuwa. Aikin ungozoma galibi yana farawa ne bayan ɗa ya faɗo: ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, abin da ya rage shi ne rubutu da jiƙo, wani lokaci kuma yankan gishiri, inda ake sa aska a tsaga gaban mace da nufin buɗe hanya. Idan ƙugun yarinya ne ya yi wa kan ɗa kaɗan, babu ɗaya cikin waɗannan da zai fitar da shi.

Bayan haihuwa sai jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan wannan ciwo a ƙasar Zazzau da gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Hausawa da kansu sukan ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in. Sai dai zai zama rashin adalci a yi wa al'adar kuɗin goro. Hutun kwana arba'in da abinci mai kyau da mai jego take samu, da shayarwa ta kusan shekara biyu, da gorin da ake yi wa mai kwanika, wato wadda ta yi ciki tana goyo, duk sun kare rayuka masu yawa tun kafin a san kalmar tazarar haihuwa.

3.3 Mishan da En'e

Maganin Bature ya shigo ƙasar Zuru ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta 'yan mishan na U.M.S., waɗanda cocinsu ya zama U.M.C.A. daga baya. Sun kafa tasha a Zuru a 1925, kuma kamar yadda suka saba, wa'azi da wanke gyambo da ba da ƙwaya tare suke tafiya. Daga bisani suka gina asibiti a Tungan Magajiya ta ƙasar Rijau, wadda yanzu take Jihar Neja, kuma an daɗe wannan asibiti yana karɓar marasa lafiya daga ko'ina cikin yankin. Ƙofa ta biyu ita ce ɗakunan shan magani na En'e, irin waɗanda aka buɗe a gundumomin Arewa. Malamin da ke irin wannan ɗaki namiji ne, horonsa kaɗan ne, kayan aikinsa kuma ba su wuce maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da na gyambo ba. Idan annobar sanƙarau ta ɓarke, kamar wadda ta mamaye lardunan Arewa a 1949 zuwa 1950, akan aiko da ƙwayar M and B a raba. Babu abin da wannan tsari ya tanadar wa mace mai naƙuda. Ita ba za ta je wurin namiji ba, shi kuma ko ta je ba shi da abin da zai yi mata. Wani abin da bai kamata a manta ba shi ne aikin soja, wanda mutanen ƙasar Zuru suka yi suna a kansa. Matan da suka zauna bariki da mazajensu sun ga awo da haihuwar asibiti, suka komo gida da labarinsu.

3.4 Zamanin Gangami

Gangami na farko da ya ratsa kowane lungu shi ne na agana. A 1967 aka fara shirin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe kimanin 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikata sukan sauka a kasuwa ko ƙofar fadar hakimi da wata na'ura mai kama da bindiga da ake takawa da ƙafa, su yi wa ɗaruruwan mutane lamba cikin sa'a guda. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Amma ƙyanda da aka haɗa su tare ba ta tafi ba. Dalili kuwa shi ne, saurin yaɗuwarta ya fi na agana nesa ba kusa ba, kuma kowace shekara ana haifar sababbin yaran da gangamin bara bai same su ba. Da sun taru sai annoba ta dawo. Tun a nan ya kamata a gane cewa wata cutar ba ta jin zuwa ɗaya.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da faɗaɗɗen shirin rigakafi a 1974, domin a riƙa yi wa kowane jariri allurar cututtuka shida: tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, tsinkau-tsinkau, shan-inna da ƙyanda. Nijeriya ta fara shi a ƙarshen shekarun 1970, bai yi ƙarfi ba, aka sake ƙaddamar da shi a 1984. Wanda ya ba shi rai shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Ya ɗauki ƙudurin taron Alma-Ata na 1978 da gaske, wato a kai lafiya matakin farko kusa da talaka. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 na gwaji, a 1988 aka fito da manufar lafiya ta ƙasa. A wannan zamani ne rediyo ya koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu. Ba a taɓa kawo wa uwar ƙauye abin da ya fi wannan araha da amfani ba, domin a ɗakinta za ta haɗa shi da tsakar dare. An kuma yi wa ungozomomin gargajiya bita, aka ba su akwati mai sabuwar reza da zare da sabulu.

A 1990 hukuma ta bayyana cewa rigakafi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na yaran ƙasar. Abin da ya biyo baya ya nuna ginin ba shi da harsashi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masu ba da agaji suka janye a zamanin mulkin soja na shekarun 1990, nauyin ɗakunan shan magani kuma aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomi, waɗanda albashi kansa yake gagararsu. Ruwan allurar ƙyanda ba ya jure zafi, sai da firji, firjin kuma sai da kananzir ko lantarki. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna yaran da suka kammala allurarsu sun koma kashi 17 cikin 100 a 1999, sa'annan kashi 13 a 2003, Arewa maso Yamma kuma ta fi kowane yanki ƙasa. A daidai wannan faɗuwa ne aka ba Fakai ƙaramar hukuma, wato ta gaji nauyin a lokacin da ya fi kowane lokaci wuyar ɗauka. Masu kemis da masu tallan ƙwaya a kasuwa su suka cike gurbin.

A 1996 aka yi annobar sanƙarau da ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, inda 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan labari yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa jita-jitar da ta sa wasu jihohi suka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, har sai da Kano ta koma a Yulin 2004. Akwai kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi wa masu ɗigo a ko'ina cikin Arewa, wadda ba a taɓa ba ta gamsasshiyar amsa ba: me ya sa ake bin su gida-gida da maganin cutar da ba su cika gani ba kyauta, alhali zazzaɓin da ke kashe musu yara sai sun saya? Duk da haka gangami ya sake yin aikinsa. Da shigowar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi a 2009, aka ga mai shan-innar daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka wanke nahiyar Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. Allurar sanƙarau nau'in A da aka fara a 2011 ita ma ta kusan shafe wannan nau'i, ko da yake nau'in C ya ɓarke a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da maƙwabtansu.

3.5 Naƙuda Ba Ta Jiran Gangami

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano bai tsufa ba. Matan da aka kawo asibiti a gurguje ba tare da sun taɓa yin awo ba, sun ninka masu awo mutuwa fiye da sau goma. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ƙananan 'yan mata masu cikin fari da kuma matan da suka haihu da yawa. Mace mai ilmin boko, ko kaɗan ne, ta fi tsira. Sun kuma lura cewa yarinyar da ta yi ciki jikinta bai gama girma ba, idan aka ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, takan ƙara tsawo a cikin watannin cikin, abin da ke rage mata haɗarin tiyata.

Abubuwan da ke kashe mai ciki sanannu ne: zubar jini, jijjiga mai biyo bayan hawan jini, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa cikin ƙazanta. Kowanne yana da magani, amma kowanne yana da sa'o'insa. Mai zubar jini bayan haihuwa tana iya cikawa cikin sa'a biyu. Masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ne ke cin ran mace: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Idan aka auna wannan da ƙauyen da ke bayan rafi a ƙasar Fakai, za a ga yadda suke haɗuwa. Maigida yana gona ko ya tafi cin rani, ba mai ikon ba da izini. Kafin a sami izini a sami kuɗi, dare ya yi. Abin hawa babur ne, rafi ya kawo. Akwai babban asibiti a Mahuta, akwai asibitin Martha Bamaiyi a Zuru, amma hanyar Koko zuwa Dabai ta shafe shekaru masu yawa tana cikin hanyoyin da aka fi kuka da lalacewarsu a jihar. Daga wajen 2019 kuma matsalar 'yan bindiga a masarautar, musamman a Danko-Wasagu da Sakaba, ta sa tafiyar dare ta zama sai da shahada, ma'aikata kuma suna gudun kwana a ƙauye.

Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda sau da yawa takan fito da yoyon fitsari, saboda kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu. Yawanci ɗan ma ba ya zuwa da rai, miji kuma ya juya baya. Likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinkin irin waɗannan mata a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, ya horar da likitoci da dama, yanzu kuma akwai cibiyar wannan aiki a Gesse cikin Birnin Kebbi. Ɗinki gyara ne bayan ɓarna ta auku.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomin asibiti karkara, amma riƙe su ya yi wuya saboda rashin biyan alawus da rashin masauki. Jihar Sakkwato ta fara raba ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini da man shafa wa cibiya na chlorhexidine ta hannun matan unguwa a 2013, wanda dabara ce ta kai magani inda haihuwar take faruwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin a sami cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Duk da haka binciken lafiya na 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi haihuwar da ƙwararre ya karɓa ba ta kai ko kashi 10 cikin 100 ba, kuma ita ce ta ƙarshe a ƙasar. Binciken ya kuma nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba sa kai shekara biyar, alhali lissafin ƙasa baki ɗaya 132 ne.

3.6 Zazzaɓin Cizon Sauro

Zazzaɓi ya tsaya ne a tsakanin nau'o'in nan biyu. Shekaru da yawa kulorakwin ce maganinsa, mai araha, ana samunta a kowane tebur. Da ƙwayar cutar ta daina jin ta, Nijeriya ta koma magani mai haɗin artemisinin a 2005, wanda ya fi ta ƙarfi ya kuma fi ta tsada. An yi gangamin raba gidan sauro daga 2009, ana ba masu awo fansida domin kare su da abin da ke cikinsu daga ƙarancin jini da haihuwar ɗa mara nauyi. Bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 aka shigo da bin gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata. Da duk wannan, gwajin jini na 2018 ya sami ƙwayar zazzaɓi a jikin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, na 2021 kuma kashi 49, kuma duka biyun ita ce kan gaba a ƙasar. Yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini ko ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ƙarin jini da allura yake bukata a wannan daren, kamar dai mai naƙuda.

Saboda waɗannan alƙaluma ne aka zaɓi Kebbi, tare da Bayelsa, domin fara allurar rigakafin zazzaɓi mai suna R21 a watan Disamba na 2024. Wannan allura ba ta gangamin kasuwa ba ce. Sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, da wata 6, da wata 7, sa'annan ta ƙarshe yana wata 15, tare da allurar ƙyanda ta biyu. Ke nan uwar da ke Bajida ko Marafa ko Birnin Tudu za ta goyo ɗanta har sau huɗu, aƙalla ɗaya a cikinsu zai iya faɗawa tsakiyar damina, kuma kowane zuwa sai ta tarar da ma'aikaci a wurin, da firji mai sanyi, da ruwan allura a cikinsa.